Kabarin da Ke Gicciye

Shekara huɗu na yi a Jidda ina bin tsoho ɗaya da tambaya ɗaya, shi kuwa yana zille mini kamar tarwaɗa. Sunansa Baba Ilu. A wani lungu na unguwar Hindawiyya yake zaune, yana ɗinkin hula da gyaran jallabiya a bakin ƙofar ɗakinsa. Aminin mahaifina ne. Tare suka bar Malumfashi ina ɗan shekara bakwai, da niyyar sauke farali ta ƙasa, su bi ta Sudan su tsallaka teku a jirgin masunta, yadda marasa hali ke yi a lokacin. Baba Ilu ya iso. Babana bai iso ba.

Duk abin da muka sani a gida bai wuce abin da ke cikin wani kaset ba, wanda wani alhaji ya kawo wa Inna bayan shekara biyu. Muryar Baba Ilu ce a ciki, can ƙasa-ƙasa: “Garba ya riga mu gidan gaskiya a cikin teku. Mun yi masa sutura a wani tsibiri. Sai haƙuri.” Daga nan sai ƙarar kaset. A kan wannan 'yar magana Inna ta yi takaba, a kanta muka tashi marayu mu huɗu.

Ni aikin gyaran mukayyif ya kai ni, wato na'urar sanyaya ɗaki, a shagon wani kafili, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, a unguwar Bagdadiyya. Tun satin farko na nemo Baba Ilu. Duk Juma'a bayan an sauko sai na tafi masa da goro, in zauna a kan wani tsohon galan, in jira ya gama zuba shayi, sannan in ce, “Baba, wai wane tsibiri ne?”

Sai ya ce, “Kai Sabi'u, teku tana da alama ne? Sha shayinka kada ya huce.”

Wani satin ya ce ya manta. Wani satin ya ce idonsa na ciwo. Wani satin ya ɗauko labarin farashin zare. Ni kuma ba na ɓoyewa, Allah ya yi ni da gajen haƙuri, Inna ma cewa take a wuya zuciyata take. Wata rana abin ya ishe ni, na ajiye kofin na ce, “Baba, ka faɗa mini gaskiya. Ko dai a ruwa kuka jefa shi?” Sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkinsa. Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai in ji kunya ta rufe ni, domin a haife tsohon ya haife ni.

Ana nan sai kafilina ya ce halas, zai rufe shago, ya buga mini takardar fita. Kwana goma suka rage mini a ƙasar. Na kira Inna na gaya mata, ina zaton za ta yi murna. Sai ta ce, “Yanzu dawowa za ka yi ba ka gaida ubanka ba?”

Ran nan ban jira Juma'a ba. Na je na durƙusa gaban Baba Ilu, na ce, “Baba, kwana goma gare ni. In na fita, ni da ƙasar nan sai dai a mafarki. Ka dubi girman Allah.” Ya daɗe yana kallon hular da ke hannunsa. Can ya faɗi sunan tsibirin, ashe yana bakinsa duk shekarun nan. Ya ce can kudu ne, gaban Jizan. Ya ce injin jirginsu ne ya mutu, iska ta yi ta kora su kwana da kwanaki, ruwan sha ya ƙare, babana ya cika ana gobe za su ga ƙasa. Da asuba suka taka tsibirin ta bayansa, mai jirgi na ta yi musu tsawa kada askarawa su gan su, suka haƙa da hannu da guntun katako, suka naɗe shi cikin haraminsa.

Ya ce, “Akwai matacciyar rijiya kusa. Akwai wata bishiya mai ƙaya, ita kaɗai. Na kifa masa kwanon shansa a wajen kai, fari mai bakin shuɗi.” Na miƙe zan tafi sai ya riƙe mini riga. Na jira, bakinsa ya motsa, amma sai ya sake ni ya ce, “Allah ya kiyaye hanya.”

Doguwar tafiya ce a bas daga Jidda zuwa Jizan, ban ga komai a hanyar ba sai bayan kujerar gabana. Na yi asuba a masallacin tasha, na bi sahu kamar kowa, na nufi bakin ruwa. Nan na haɗu da wani gogan naku, fes da shi, ga turare, ga carbi, ya ce shi ne wakilin jiragen da ke zuwa tsibirin. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya nuna mini wani benci ya ce in zauna, minti goma. Har yau minti goman ba su cika ba. Ni da na yi shekara huɗu a Jidda ina yi wa sababbin zuwa dariya, ga ni an yi mini wankin babban bargo tun rana ba ta yi zafi ba.

Wani mai ƙaramin jirgi da ke loda ƙanƙara da tukwanen gas ya ga na daɗe a zaune, ya tambaye ni. Da na ba shi labari ya girgiza kai, ya tofar da yawu, ya ce, “Yalla, ɗauki tukunya ɗaya ka shigo.” Masu tsaron gaɓa suka duba iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, suka juya ta gaba da baya, suka miƙo mini. Kafin mu tashi mai jirgin ya ja mini kunne: kafin magariba zai juyo, in na makara sai bayan kwana huɗu, in iska ta bari. Na lissafa kwanakina na ga ba ni da kwana huɗun bayarwa. Yini ɗaya ke nan gare ni, ba ƙari.

A cikin jirgin nan na yi amai har sai da na ji kamar hanjina zai fito. Ina riƙe da bakin jirgi, ruwan gishiri na dukan fuskata, ina tunanin ni sa'a biyu ce ta mai da ni haka, wani kuwa kwana da kwanaki ya yi a kai babu ruwan sha.

Tsibirin shimfiɗe yake, ba tudu ba kwari, fari fat. Gidaje ba su kai arba'in ba, duk sun taru wuri ɗaya a bakin ruwa sun ba iska baya. Iskar kuwa ba irin wadda ke tasowa ta kwanta ba ce. Tana nan tsaye wuri ɗaya tana turi, ba ta hutawa, har 'yan itatuwan wurin duk sun karkace gefe guda. Akwai kanti ɗaya tal, wani ɗan Bangaladash ke tsaronsa. Na tambaye shi matacciyar rijiya, ya yi dariya ya ɗaga yatsu uku. Rijiya uku ce ta mutu a tsibirin, ɗaya a kowace kusurwa. Na ce mota fa? Ya ce motar tsibirin guda biyu ce, ɗaya ta lalace, ɗaya mai ita ya tafi kamun kifi da makullin.

Sai ya shiga bayan kanti ya turo wani keke. Kai, wannan keke! Tsatsa ta cinye shi, sirdinsa an ɗaure da igiyar taru, birkin baya babu, an ɗaura masa akwatin kifi a kariya, ƙarni kuwa ba a magana. Na sa hannu a aljihu, ya ce me zan je yi a rijiya? Na ce kabarin babana nake nema. Ya tura hannuna ya mayar cikin aljihun, ya ɗauko gorar ruwa biyu da burodi ya jefa cikin akwatin. Ya ce shi ma nasa uban ya rasu yana nan yana auna sukari.

Rabona da hawa keke tun ina sakandare. Ga tumbi na ajiye, ga gwiwa ta fara ƙara. Na hau na yi tangal-tangal, wasu mata biyu da ke shanya kifi suka rufe baki suna dariya, na ce ku yi, ranarku ce. Da na fita daga cikin gidaje iska ta same ni a ƙirji. Ina taka feda da iya ƙarfina, keken na tafiya kamar ana riƙe da shi ta baya. Rairayi na shiga mini ido da baki, hulata ta tashi, na bi ta da kallo har ta faɗa ruwa.

Rijiyar farko tana kusa da wasu kangaye da aka gina da dutsen teku, mai ramuka-ramuka. Rufinsu duk ya zube, amma a jikin wata ƙofa har yanzu ana ganin zanen da magini ya yi. Na jingine keke, na zagaya sau uku, ina tona duk wani tudun rairayi da ƙafa. Ba bishiya, ba kwano. Wata barewa ce kawai ta leƙo daga bayan bango, siririya, ta dube ni ta yi tsalle ta ɓace.

Daga nan hanya ta bi bakin teku, iska ta dawo bayana, keken ya shiga gudu shi kaɗai. A nan ne abin da ban shirya masa ba ya same ni. Abu ɗaya tak nake iya tunawa da babana sosai: ranar kasuwa yakan ɗora ni a sandar kekensa, ya naɗe mini buhu don kada ƙarfen ya ci mini cinya, gemunsa na taɓa tsakiyar kaina, in mun zo gangare ya ce, “Riƙe da kyau, maigida.” Fuskarsa ta ɓace mini tuntuni, hoton da muke da shi ma ruwan sama ya ci. Amma wannan murya, ina cikin gudu a bakin teku, sai na ji ta a kunnena. Hawaye ya rufe mini ido, ban ga wani rami ba, sai ji na yi na kife, ni gefe, keke gefe, burodi gefe.

Na zauna a wurin ina duba gwiwata da ta ɗaye. Gaɓar cike take da tarkacen da teku ta amayo: robobi, guntayen taru, da silifas, silifas ba iyaka, kowanne wari ɗaya. Har da na yara. Na tsinci kaina ina ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, sai ka ce zan gane na wani. Da na lura da abin da nake yi na ce, Sabi'u, hankali fa, na karkaɗe burodina na ci da rairayinsa.

Rijiya ta biyu tana can ƙarshen tsibirin, inda tsuntsayen teku suka yi dandazo suna ta ihu. Akwai bishiyoyi masu ƙaya, amma ba ɗaya ba, sun fi ashirin. Wacce ce a ciki ta shekara talatin da uku? Na bi gindin kowacce. Ƙasar wurin ma dutse ce zalla, ko da diga ba za ka haƙa ba, balle da hannu. Na tsaya na ɗaga murya na zagi iska, na zagi mai turaren nan na bakin ruwa, har Baba Ilu ban bari ba. Na ce tsohon nan ya turo ni ne kawai don in ƙyale shi, kwano kuma, wane kwano ne zai yi shekara talatin a kife a wannan iska?

Ina juyowa zuwa ta uku tayar gaba ta yi fus. Ƙaya ce ta shige ta har gindi. Ba faci, ba famfo, ba kowa. Na sauka na kama turi, iska ta dawo gabana, sarƙa na ta faɗuwa ina mayarwa, hannuna ya yi baƙi ƙirin. Wayata tuni ta mutu. Gora ɗaya ta ƙare, ta biyu saura rabi. Na fi sa'a ɗaya ina tura keken nan, kuma sau biyu na yi niyyar yar da shi, sai in tuna fuskar mai kanti.

Da na iso rijiya ta uku rana ta riga ta karkata. Rairayi ya cike ta har baki. Bishiya babu, sai wani kututture. Gaba kaɗan kuwa ga maƙabarta, fili guda, ba katanga. Ba irin tamu ba ce da ake tara ƙasa a yi tudu a kafa itace ko tukunya. Kaburburan a shafe suke, sai 'yan duwatsu a kai da ƙafa, rabi rairayi ya rufe, ba suna, ba lamba, sun fi ɗari. Na tsaya ina kallonsu. Na zo, ga shi ina jin a jikina yana nan, amma wanne ne? Na fara bi ina leƙen farin kwano, na bi layi biyu na daina, don na san wauta nake yi.

Na ce bari in yi sallah, ko ba komai in yi musu addu'a gaba ɗaya, in yana ciki ta same shi. Na koma wajen rijiyar, na yi taimama don in tsimi ruwan, na ba rana baya, inuwata ta miƙe a gabana, na tayar da kabbara. Haka na saba tun ina yaro a gona, haka kuma nake yi a Jidda in aiki ya kai ni saman bene, ban taɓa yin kuskure ba.

Ina cikin raka'a ta farko na ji hannu biyu a kafaɗuna. A hankali aka juya ni hagu, aka juya, har rana ta dawo gefen kuncina. Na ƙarasa sallata a haka. Da na sallame sai na ga wani tsoho a tsugune, baƙi siriri, ya ɗaura zane irin na masunta, awaki biyar na kiwo a bayansa. Ya ce da ni cikin Larabcinsu na bakin teku, “Ɗana, nan ba Jidda ba ce. Makka tana can.” Ya nuna arewa. Na ce, “Na gode, Ammu,” wato Baffa, kunya kamar in nutse.

Ya ƙare mini kallo, ya ce, “Takaruni ne kai?” Haka suke kiran mutanenmu. Na ce e. Sai ya yi 'yar dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya ce, “Ku dai da fitowar rana! Akwai ɗan'uwanku ɗaya a nan, shi ma haka aka kwantar da shi.”

Ban san lokacin da na kama hannunsa ba. Na ce, “Ina? Ammu, ina?”

Sunansa Ammu Sa'id. Ya ja ni muka ratsa maƙabartar har gefenta na bakin ruwa. Sai a lokacin idona ya buɗe na ga abin da na kasa gani ɗazu. Duk kaburburan sun miƙe ne daga gabas zuwa yamma, layi-layi. Guda ɗaya ne kawai ya gitta, kai a kudu, ƙafa a arewa, sak yadda muke yi a gida. An zagaye shi da fararen duwatsu, an jera su da kyau.

Ammu Sa'id ya ce yana saurayi suka wayi gari suka ga sabon kabari da sawun mutane da yawa zuwa bakin ruwa. Nan kaɗai ne ƙasa ke haƙuwa a tsibirin, shi ya sa baƙin suka faɗo cikin maƙabartarsu ba su ma sani ba. Ya ce akwai kwano a kife, fari. Na ce, “Mai bakin shuɗi?” Ya dube ni, ya ce, “Mai bakin shuɗi. Iska ta tafi da shi tun shekarar.”

Ya ce an yi gardama a kansa sosai. Wasu suka ce a tone a gyara masa kwanciya. Limaminsu na lokacin ya hana, ya ce waɗanda suka binne shi sun yi iya saninsu, kuma ba a tone baƙo. Sai suka zagaye shi da duwatsu don kada wani ya haƙa a kansa. Ya ce, “Baƙo muke ce masa. In mun zo ziyara ranar idi muna yi masa sallama tare da namu. Mahaifiyata ma kafin ta rasu takan ce, wannan yana da uwa a wani wuri.”

Na ce, “Garba sunansa. Babana ne.”

Tsohon ya ɗora hannu a ka, ya ce, “La ilaha illallah.” Ni kuwa na rasa inda zan tsaya, ina ta zagaya duwatsun kamar wanda ya ɓata. Sai ya sake kama kafaɗuna, ya kai ni ɓangaren gabas, ya ce, “Tsaya nan. Nan yake kallo.” Ya kora awakinsa ya ja baya can nesa.

Na durƙusa. Duk addu'o'in da na tanada tun daga Jidda suka gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Baba, ni ne Sabi'u.” Na ce masa Inna na gaishe shi. Na ce Hadiza ta yi aure a Funtuwa, 'ya'yanta biyar, Lawal na koyarwa, Ummi da ya bari a goye ta rasu wajen haihuwa. Na ce na sa wa ɗana na fari sunansa. Ina magana iska na kwashe maganar daga bakina, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Sai na tuna yana da shekara talatin da shida ya rasu, ni ga ni da arba'in, da furfura a gemu, na girmi ubana. A nan na yi kukan da ban yi ba ina ɗan shekara tara, na kifa goshina a kan duwatsun nan na yi shi da ƙarfi, ban ji kunyar kowa ba.

Ragowar ruwan gorata na yayyafa masa. Kafin in miƙe ƙasar ta shanye.

Ammu Sa'id ne ya nuna mini gajeriyar hanya ta tsakiyar tsibiri, ya karɓi keken ya ce shi zai mayar wa mai kanti, ni in yi gudu. Na isa mai jirgi ya riga ya kwance igiya, yana ta masifa, amma ya jira. Da muka taka Jizan na sa waya a caji a wani shago na kira Inna. Na ce, “Inna, na gaishe shi.” Can ta ce, “Akwai inuwa a wurin?” Na ce babu, sai iska. Ta ce, “To. Allah ya yi maka albarka.” Ban gaya mata sauran ba.

Sauran kuwa shi ya yi ta cina a bas har Jidda. Mutum ya bar gida, ya bar 'ya'ya huɗu, ya mutu da ƙishirwa don ya ga Ɗakin Allah, a ƙarshe a kwantar da shi yana kallon wani waje daban, shekara talatin da uku! Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shirya wa Baba Ilu maganganu, na jera su, na sake jerawa. Na ce sai ya san abin da ya aikata.

Da hantsi na shiga lungun Hindawiyya, ko wanka ban yi ba, gwiwa a ɗaye, kai ba hula. Yana zaune a inda na bar shi, amma ba ya ɗinki, shayi ma bai ɗora ba. Na yi sallama a daƙile. Ban kai ga zama ba ya ɗago ido ya ce, “Sun juya shi?”

Na tsaya cak. Na ce, “Baba, ashe ka sani?”

Ya ce, “Washegari na sani. Da muka taka babbar ƙasa muka shiga wani masallaci, na ga inda sahu ya dosa, na dubi rana. A cikin sallar nan na gane na saɓa masa alƙibla.” Ya ci gaba da cewa, “Ni na kama fuskarsa da hannuna, Sabi'u. Sauran suna ta sauri, na ce ku dakata, sai na daidaita shi. Na jira rana ta ɓullo, na juya shi sosai don kada a samu kuskure. Ba ni da takarda, ba ni da hanyar komawa. Na yi masa Hajji, na yi masa umara ban san adadi ba, abin bai sauka daga ƙirjina ba. Kana tsammanin daɗin Jidda ne ya hana ni komawa gida? Da wane ido zan dubi innarku? Amana ta ba ni a bakin zaure. Tun kaset ɗin nan ban ƙara yarda ta ji muryata ba.”

Duk maganganun da na jera a bas na neme su na rasa. Na zauna a kan galan ɗin. Na ce, “Ba su juya shi ba, Baba. Limaminsu ya ce kun yi iya saninku. Sun zagaye shi da duwatsu, suna yi masa sallama ranar idi.” Ya rufe ido. Na ce, “Kuma kaburbura sun fi ɗari a wurin, duk iri ɗaya, ba suna ba alama. Kwanon ya tafi, bishiyar ta mutu. Da ka kwantar da shi daidai, wallahi da ban same shi ba har abada.”

Ya ɗauki hular da ke cinyarsa ya rufe fuskarsa da ita. Kafaɗunsa suka yi ta rawa. Na bar shi, don na san irin wannan kukan, jiya na yi nawa. Masu wucewa a lungun suna kallonmu, wani ya tambaya ko rasuwa aka yi, na ce e.

Da ya natsu ya share fuska, ya gyara zama, ya gyara wuyan rigarsa kamar mai shirin shiga gidan mutane. Ya ce, “Kira mini ita.”

Na buga wa Inna, na ji ta ɗauka, na sa masa wayar a kunne. Ya buɗe baki sau biyu ba abin da ya fito. A na uku ya ce, “Salamu alaikum. Hauwa'u, Ilu ne. Ya haƙuri?”